Windows 365, Azure Virtual Desktop ko sabar RDS: a ina lasisi zai fi cin kuɗinka?

Kwanaki wani Alhaji mai ofishin akawu ya kira ni, ma'aikata 18 gare shi, wasu a Kano wasu a Kaduna, kuma laftof ɗin da yawancinsu ke riƙe da su sun tsufa ba za su ɗauki Windows 11 ba, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. An ba shi shawara wai ya bar sayen sabbin na'urori, ya kama hayar kwamfuta a gajimare, wato a sabobin manyan kamfanoni irin su Microsoft da Amazon, kowa ya riƙa shiga ta intanet daga tsohuwar na'urarsa. Shawarar ba ta da laifi. Amma tambayar da ya yi min ita ce nawa ne kuɗin sabar a wata, ni kuma na ce masa Alhaji Allah ya ƙara girma, bari mu fara duba wane lasisi ne a hannunka yanzu, don shi ne zai nuna mana hanyar da za mu bi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne kuɗin nan hawa uku ne. Akwai izinin shiga Windows ɗin da ke can nesa, akwai izinin Office, sannan akwai na sauran manhajoji kamar ta lissafin kuɗi ko ta zane. Wanda zai sayar maka da sabar sau da yawa kuɗin ƙarfen kawai zai faɗa maka, sai ka gama haɗa komai ka ga Excel ya ƙi buɗewa yana neman lasisi.

Mu fara da tsohuwar hanya tunda ita aka fi sani a wajenmu, wato ka ɗora Windows Server ka kunna Remote Desktop Services, wato RDS, kowa ya shiga sabar ɗaya daga nesa. Windows Server da kansa mutum biyu kawai yake bari su shiga a lokaci guda, kuma su ma don gyara da kula da sabar ne, ba don zaman aikin yau da kullum ba. In ka kunna RDS za a ba ka kwana 120 na alfarma komai na tafiya lafiya lau, kuma wallahi wannan kwana 120 ɗin ya jefa ofisoshi da yawa cikin matsala, saboda wanda ya haɗa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bayan wata huɗu a wayi gari ba wanda zai iya shiga. Abin da ake buƙata shi ne RDS CAL, wato lasisin shiga sabar, ko dai na kowane mutum ko na kowace na'ura. In ma'aikacinka yana shiga daga laftof da waya da kwamfutar gida, na mutum ya fi. In kuwa kwamfuta ɗaya ce mutum uku ke karɓa-karɓa a kanta, kamar a teburin karɓar baƙi ko kantin magani, na na'ura ya fi sauƙi. Kuma CAL ɗin dole ya kai shekarar sabar ko ya fi ta, na 2019 ba zai buɗe maka Windows Server 2022 ba, amma na 2022 zai buɗe 2019.

To matsalar tana zuwa ne in ka ce za ka ɗauki CAL ɗin da ka saya tuntuni ka kai shi gajimare. Sai in yana da Software Assurance mai rai, wato yarjejeniyar sabuntawa da ake biya, kafin ya halatta ka yi amfani da shi a sabar haya da ake rabawa da wasu. Yawancin ƙananan ofisoshinmu sun saya ne sau ɗaya ba tare da ita ba. Mafita a nan ita ce ka karɓi hayar lasisin wata-wata daga mai sabar, ana kiransa RDS SAL, yana fitowa ne daga yarjejeniyar SPLA da kamfanonin hayar sabar ke ƙullawa da Microsoft. Wannan hanya tana da daɗi in kamfanin na gida ne a Legas ko Abuja, za ka biya da naira, sabar na kusa da kai, kuma in abu ya lalace akwai wanda za ka kira ya ɗauka. Sai dai ka tambaye shi kai tsaye ko yana da SPLA, kuma ya rubuta maka kuɗin SAL ɗin a takardar biya. Sannan daga Oktoba 2025 Microsoft ta hana masu SPLA ɗora nasu lasisin a kan sabobin manyan nan da ta ware, wato Amazon, Google, Alibaba da ita kanta Azure ta Microsoft, don haka in wani ɗan tsakiya ya ce zai haɗa maka a AWS, wato gajimaren Amazon, da nasa SPLA, tsaya ka bincika.

Akwai kuma abin da nake gani ana yi wanda ba na goyon baya ko kaɗan, a ɗauki Windows 10 Pro a taɓa wani fayil a ciki don mutum goma su iya shiga lokaci ɗaya. Wannan karya sharaɗin lasisi ne ƙarara, kuma duk sabuntawar da Windows ta yi tana iya rushe shi, sannan masu yin haka su ne dai ke barin ƙofar 3389, wadda ake shiga kwamfuta daga nesa ta cikinta, a buɗe ga duk duniya, ita ce kuwa ƙofar da ɓarayin da ke kulle fayil su nemi kuɗin fansa suka fi bi. Ofishin da ke riƙe da lissafin kuɗin mutane bai kamata ya kusanci wannan ba.

Sai Azure Virtual Desktop, wanda ya fito a 2019 da sunan Windows Virtual Desktop aka canza masa suna a 2021. Abin da ya bambanta shi da kowa shi ne Windows 11 Enterprise multi-session, wato Windows irin na kwamfutar tebur da ma'aikaci ya saba da shi amma mutane da yawa na iya zama a kan na'ura ɗaya, kuma Microsoft ta riƙe wannan wa kanta, ba za ka same shi a Amazon ko Google ko wani kamfanin Legas ba. A nan ba ruwanka da RDS CAL. Izinin shiga yana cikin lasisin da wataƙila kana biya ma tuni: Microsoft 365 E3, E5, F3, Business Premium, na makarantu A3 da A5, ko Windows Enterprise E3 da E5, ko Windows VDA. Duba jerin nan da kyau, babu Business Standard a ciki, babu Business Basic, kuma su ne biyun da ƙananan ofisoshi suka fi saya. Shi ma Alhajin Business Standard ne da shi.

Wani ƙaramin bambanci da ke da muhimmanci a wajenmu, inda laftof da yawa na hannu ne kuma ba wanda ya san asalin Windows ɗin da ke kansu: Windows Enterprise E3 shi kaɗai ƙari ne a kan Windows Pro na gaske, yana so a ce na'urar mutum tana da shi. Amma mai Business Premium ko Microsoft 365 E3 ko VDA zai iya shiga Azure Virtual Desktop ko daga na'urar da ba Windows Pro ba ce.

Bayan izinin shiga sai kuɗin na'urar kanta, wanda Azure ke lissafawa gwargwadon lokacin da take kunne, da kuɗin faifai, da ma'ajiyar bayanan kowane ma'aikaci da ake yi da manhajar FSLogix, da ɗan kuɗin datar da ke fita. Ribar tana cikin awoyi. Wata guda yana da kusan awa 730, ofishin da ke buɗewa 8 na safe ya tashi 5 na yamma Litinin zuwa Juma'a bai fi awa 200 yake aiki ba, ka ga ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, to in ka saita na'urorin su riƙa kashe kansu da dare da ƙarshen mako ka rage kuɗi sosai. Amma fa a kula, in ma'aikaci ya kashe Windows daga ciki kawai, Azure na ci gaba da lissafa maka, sai an sauke na'urar gaba ɗaya daga ɓangaren Azure kafin mita ta tsaya, kuma ko an sauke kuɗin faifai ba ya tsayawa. Na taɓa karɓar aikin wani ofis da suka yi wata uku suna biyan awa 24 a kowace rana suna zaton suna kashewa, abin ya ba ni takaici matuƙa don kuɗi ne da zai biya albashin mutum.

Microsoft na ba da ma'auni cewa masu aiki mara nauyi mutum 6 za su iya raba furosesa ɗaya, matsakaita 4, masu nauyi 2. Ni dai ban taɓa cika na'ura har haka ba, akawu mai buɗe Excel goma da burauza mai shafi talatin ba mai aiki mara nauyi ba ne ko me takarda ta ce.

Aibin Azure Virtual Desktop ɗaya ne babba, yana son mai kula. Wani zai gina hoton Windows ɗin, wato kwafin da ake tayar da na'urorin daga shi, ya riƙa sabunta shi, ya duba ma'ajiya, ya sa ido a kan lissafin wata. In ba ka da wannan mutumin, ko a cikin gida ko da kwangila, kuɗin da ka yi tsammanin ragewa zai zube ta wani wajen.

Akwai wani farashi na daban da mutane ke ruɗewa da shi, na dala 5.50 ga mutum a wata don manhaja kaɗai, ko dala 10 don cikakken allo. Wannan na waɗanda ke wajen kamfaninka ne, misali ka rubuta manhajar makaranta ko ta asibiti kana sayar wa kwastomomi suna shiga ta nesa. Ba a yarda ka sa ma'aikatanka a ciki don gudun sayen Business Premium ba.

Windows 365 kuwa, wanda ya fito a Agustan 2021, shi ne na wanda ba ya son ciwon kai. Kowane mutum da tasa kwamfutar a gajimare, ba ya rabawa da kowa, kuɗi tsayayye a wata ko ya yi aiki awa 2 ko awa 20 a rana. Lokacin da ya fito, mai furosesa 2 da RAM gig 4 da faifai gig 128 dala 31 ne, mai RAM gig 8 dala 41, mai furosesa 4 da gig 16 dala 66, kuma a nau'in Business ana ƙara dala 4 in na'urar mutum ba ta da Windows Pro. An taɓa farashin daga baya, don haka ka karɓi na yau a rubuce daga dillalinka, amma waɗannan sun isa a yi awo da su. Nau'in Business na ofishin da bai wuce mutum 300 ba ne kuma ba ya neman wani lasisi kafin ka fara, ka saya ka ba mutum ya shiga. Nau'in Enterprise yana son Windows Enterprise da Intune na sarrafa na'urori da Entra ID P1 na kula da shigar ma'aikata, waɗanda duk suna cikin Business Premium ko E3, shi ne ke ba ka ikon sarrafa na'urorin yadda kake so. Sai Frontline da aka ƙaro a 2023 don masu aikin karɓa-karɓa, lasisi ɗaya ya ba mutum uku kwamfuta amma ɗaya ne zai kasance a ciki a lokaci guda, ya dace da asibiti ko wajen amsa kiran kwastomomi inda na safe ke tashi na rana ya zauna.

Wani alheri da ke tare da Windows 365 ga mai tsofaffin na'urori: sabuntawar tsaro ta Windows 10 da ake saya bayan Oktoba 2025, wadda kamfanoni ke biyan dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko kuma take ninkawa kowace shekara, Microsoft ta haɗa ta kyauta ga na'urar Windows 10 da ake shiga Cloud PC, wato kwamfutar Windows 365, da ita, bisa sharuɗɗan da ta gindaya. Ga mai laftof 18 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amazon WorkSpaces ya girme Azure Virtual Desktop da Windows 365, tun 2014 yake kasuwa. Abin da za ka sani shi ne WorkSpaces na Windows da ka saya da lasisi a ciki, Windows Server ne aka yi wa kwalliya ya yi kama da na tebur, yawancin manhajoji ba su damu ba amma akwai masu duba irin Windows ɗin su ƙi hawa. In kana son Windows 11 na ainihi sai ka kawo naka lasisin, a ware maka ƙarfe naka kai kaɗai, kuma akwai mafi ƙarancin adadin da za ka ɗauka wanda ya fi ƙarfin ofis mai mutum 18. Suna da biyan wata da biyan awa, wannan yana da kyau. Don tura manhaja ɗaya kawai kuwa suna da AppStream 2.0, wanda yanzu ake kira WorkSpaces Applications, inda ban da kuɗin na'ura ake ƙara dala 4.19 a wata kan kowane mutum na RDS SAL. Ni a ganina Amazon na da ma'ana ne in dama bayananka da sabobinka suna AWS, ko in Linux za ka ba mutane, wanda a nan babu maganar lasisin Microsoft sam. Citrix da Omnissa Horizon, wanda da ake kira VMware Horizon, ƙari ne a saman duk wannan, kuɗinsu ba ya ɗauke maka na Microsoft, ƙaramin ofis ba ya buƙatarsu.

Yanzu maganar Office, inda aka fi faɗawa rami. Duk inda mutane da yawa ke raba na'ura ɗaya, ko sabar RDS ce ko multi-session, Office yana buƙatar abin da ake kira Shared Computer Activation, wato izinin da ke bari kowa ya buɗe Office da nasa lasisin a na'urar da ake rabawa, kuma wannan yana cikin Microsoft 365 Apps for enterprise da E3 da E5 da Business Premium ne kawai. Business Standard ba shi da shi. Office ɗin da ka saya a kwali ko wanda ya zo da laftof ma ba zai yi a sabar RDS ba. Office LTSC na sayen sau ɗaya kuma lasisinsa na na'ura ne, ma'ana duk na'urar da za a shiga sabar da ita sai an saya mata nata, ba kwafi ɗaya za ka saya ka ɗora a sabar mutum 18 su sha ba. F3 mai arha yana ba ka izinin shiga Azure Virtual Desktop amma ba ya ba ka Word da Excel na ɗorawa a kwamfuta, na burauza da waya kawai, ga akawu wannan bai isa ba. A Amazon kuma sai daga Agustan 2023 aka yarda ka kai Microsoft 365 Apps naka kan WorkSpaces, shi ma ga masu E3, E5, A3, A5 da Business Premium. A Windows 365 ne kaɗai wannan damuwar ba ta taso ba, tunda kwamfutar ta mutum ɗaya ce, Business Standard ɗinsa zai yi aiki yadda yake yi a laftof, amma ka sani kuɗin Cloud PC bai haɗa da Office ba.

Ga yadda lissafin Alhaji ya kasance da farashin Microsoft na 2022, Business Standard dala 12.50, Business Premium dala 22. In ya bi Windows 365 Business mai gig 8, mutum 18 sau 41 dala 738 ke nan, ya ci gaba da biyan Standard ɗinsa dala 225, jimla 963 a wata. In ya bi Azure Virtual Desktop dole ya koma Premium, 18 sau 22 dala 396, sai kuɗin na'urori. Ka ga tazarar dala 567 ce, in na'urori da ma'ajiya da ladan mai kula duka ba su kai haka ba Azure Virtual Desktop ya fi sauƙi, kuma ga ofishin da ke rufewa ƙarfe 5 ba ya aiki Asabar da Lahadi, da wuya su kai. Ƙari a kan haka Premium ya zo masa da Intune da manhajar tsaro ta Defender for Business. Da a ce mutum 5 ne da shi da ban ma tsaya lissafi ba, Windows 365 zan ce ya ɗauka, don ladan mai kula kaɗai zai cinye bambancin. Da kuma manhaja ɗaya ce kawai suke son rabawa ba su damu da Office a can ba, da sabar RDS a kamfanin gida mai SPLA ta wadatar.

Duk wannan da dala ake maganarsa, kuma duk wanda ke biyan lasisi a Najeriya ya san abin da ya faru daga Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin lasisi ya ninka sau uku ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya ba. Ga VAT na kashi 7.5 a kai. Shi ya sa tsawon alkawari yake da muhimmanci. A tsarin da dillalan Microsoft ke sayarwa yanzu, in ka ɗauki na wata-wata wanda za ka iya fita ko yaushe za ka biya ƙarin kashi 20, in ka ɗauki na shekara kwana 7 kawai gare ka ka soke ko ka rage adadi, bayan nan ko ma'aikaci ya ajiye aiki sai ka biya kujerarsa har shekara ta cika, sai dai ka ba wani. Abin da nake ba da shawara shi ne ma'aikatan dindindin a sa su a na shekara, masu bautar ƙasa da 'yan wucin gadi na lokacin rufe lissafi a sa su a na wata.

Intanet ma sai an duba kafin a sa hannu. Cibiyar Azure mafi kusa a nahiyar nan tana Johannesburg tun 2019, ta AWS tana Cape Town tun 2020, amma kusa a taswira ba ya nufin kusa a waya, daga Kano sau da yawa Turai na iya fin sauri saboda yadda wayoyin ƙarƙashin teku suka bi daga Legas, don haka a gwada duka biyun daga ofishin da kansa da kuma layin da ma'aikata ke amfani da shi a gida. Microsoft na cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba ba ya damun aikin ofis, in ya haura 200 za a fara ji a hannu. Kuma mu tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ranar duk wanda kwamfutarsa ke gajimare zama ya yi. Lasisin ba ya tsayawa don intanet ɗinka ta tsaya, saboda haka kuɗin layi na biyu yana cikin lissafi. Mai riƙe bayanan mutane kuma ya duba dokar kare bayanai ta 2023 kan fitar da su ƙasar waje.

Hawa na uku, wato lasisin sauran manhajoji, shi ne ya tsayar da mu. Manhajar lissafin da ofishin ke amfani da ita an saye ta ne tun shekarun baya da lasisin da ke ɗaure da na'ura, kuma irin waɗannan wasu suna duba lambar ƙarfen kwamfuta, wasu suna son ɗan makullin USB a soke, wasu kuma sharaɗinsu ya hana a ɗora su a sabar haya sai an sayi wani nau'i daban. A gajimare na'ura na iya canzawa duk lokacin da aka sake gina ta, sai manhajar ta ɗauka an sace ta ta kulle kanta. Na ce wa Alhaji kar ya sayi komai na shekara tukuna, mu ɗauki Business Premium uku na wata ɗaya, mu tayar da na'ura ɗaya, mutum biyu a Kano ɗaya a Kaduna su yi aikin gaske a kai har su rufe lissafin wata, shi kuma ya rubuta wa dillalin manhajar ya tambaye shi ko lasisinsu ya yarda da Windows multi-session a Azure da mutum nawa a lokaci guda, kuma amsar ta zo a rubuce ba ta waya ba. Gwajin yana mako na biyu yanzu, na Kaduna ya ce firinta ce kawai ke ba shi wahala, takardar dillalin kuma muna jiranta.